Yadda ake horar da yaron shago har ya isa riƙe mabuɗi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka kwantar da ni a asibiti a nan Garwa, a arewacin Kamaru, aka yi mini aiki a ciki. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin garin nan kan haura digiri 40, ga shi kakar albasa. Kwanana goma sha tara a kwance, mabuɗan sito suna ƙarƙashin matashin kaina. Da safe babban yarona ya zo ya karɓa, da magariba ya maido. Ran kwana na huɗu mota ta iso daga wajen Marwa ɗauke da buhu 180 na albasa da na yi cinikinsu kafin ciwo ya kayar da ni. Direba ya ce ba za a kwance igiya ba sai an cika masa kuɗin mota. Kuɗi na nan cikin akwati, mabuɗin akwatin yana aljihun yaron, amma tun da aka kafa siton ba hannun da ya taɓa buɗe akwatin nan sai nawa. Ni kuwa ina cikin magagin allura, likita ya hana a dame ni. Motar ta yi kwana biyu a rana da tamfol a kanta. Da aka sauke, ruwa ne ke tsiyaya daga buhunan ƙasa, wari har bakin titi.

Da na samu kaina na tsare yaron da faɗa. Ya bari sai da na gama, kansa a sunkuye, sannan ya ce, “Alhaji, shekarata tara a wurinka. Ban san nawa muke sayen buhu ba, ban san nawa ake biyan mota daga Marwa ba. In na biya, ka ce na yi gaban kaina da dukiyarka. Ban biya ba, ga abin da ya faru. Wanne ya kamata in ɗauka?”

Ban sami abin ce masa ba. Mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a ƙarƙashina a lokacin, ba ɓarawo a cikinsu, ba rago. Ni ne na saba musu da jiran bakina a kan komai, har sayen zaren ɗinkin buhu. Abin da zan rubuta a nan shi ne yadda na sake tsari bayan wannan asarar, don amfanin ɗan'uwa mai shago ko sito ko gareji da ke da mutane a hannunsa.

Aikin yana farawa tun ranar da aka kawo maka yaro. A kasuwarmu ba da takardar neman aiki ake zuwa ba. Wani ne zai riƙo hannunsa, kawunsa ko limamin unguwarsu ko tsohon abokin cinikinka, ya ce maka ga amana. Kada ka ce “to, ya fara gobe” ka miƙe. Sa a kawo shayi, ka zaunar da su su biyun, ka faɗa da bakinka aikin da zai yi, ƙarfe nawa ake buɗewa da rufewa, nawa ne albashinsa, ran nawa ga wata zai karɓa, da wanda zai riƙa ba shi umarni in ba ka nan. Mu Hausawa muna jin nauyin ambaton kuɗi a irin wannan zama, maƙwabtanmu Fulani ma sun fi mu. Sai ka ji wanda ya kawo yaron ya ce, “Haba Alhaji, ai ba za mu ɓata ba.” Yawancin ɓatawar da na gani tsakanin maigida da yaro da wannan kalmar ta fara. Yaro ya ƙudurta abu a ransa, maigida ya ƙudurta wani, wata ya ƙare kowa yana ganin an ƙware shi. Ka faɗi adadin, ko zai yi maka nauyi a baki.

Sannan ka rubuta. Rabin shafi ya isa, da Faransanci saboda hukuma, a fassara masa da harshen da ya fi ji, ya sa hannu, wanda ya kawo shi ya sa a matsayin shaida. In kana so ka gwada shi na ɗan lokaci kafin ka tabbatar da shi, sa wannan ma a takardar, domin dokar ƙwadago ta Kamaru, ta shekarar 1992, ta ce lokacin gwaji sai an rubuta shi. Ita ce kuma ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba, ko da sunan koyon sana'a ne.

A sitona ana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, in motocin Njamena sun zo a ƙara da Larabcin Shuwa. Akwai ɗan Tupuri a cikinmu, akwai wanda ya sauko daga duwatsun Mokolo. Na daɗe kafin in gane cewa “to” ɗin sabon yaro ladabi ne kawai. Yanzu in na ba da saƙo sai in ce, “Maimaita mini.” In ya ce buhu ashirin gidan wane, goma sha biyar tasha, na san mun daidaita.

Ɗan'uwa na jini shi ya fi kowa buƙatar wannan zaman. Na taɓa ɗaukar ɗan ƙanwata ba tare da mun yi shi ba. Sai rana ta take yake zuwa, ya zari na shayi a cikin ciniki ya ce ai na Kawu ne, sauran suna kallo ba mai iya tanka masa. Cikin wata uku masu zuwa da asuba su ma suka fara jan ƙafa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na je har ɗakin uwarsa na ce mata, “In kina so ya zama mutum, ki bar ni in sa shi a ƙarƙashin wanda ba danginmu ba.” Ta yi jim, ta ce, “Yaya, ɗanka ne.” Na dawo na ce masa a gida ni kawunsa ne, a sito kuwa mai sikeli ne gaba da shi, kuma tsintsiya zai fara riƙewa kamar kowa. Ya yi fushi na mako biyu. Yau shi nake turawa sayo kaya kasuwannin ƙauye.

Maganar albashi zan ɗan daɗe a kanta, don duk horon da za ka yi wa mutum a kanta yake zaune. Wanda bai san ranar da kuɗinsa za su shigo ba, hankalinsa ba ya kan sikelinka, yana wurin mai gidan haya da mai kantin unguwa da ke binsa bashi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Doka kuma kwana takwas kacal ta ba mai biyan wata-wata bayan ƙarewar wata. Ni na tsayar da ran 28. Ko ciniki ya yi ko bai yi ba, ko kayana sun maƙale a hanyar Duwala, ran 28 bayan La'asar kowa zai karɓa ya sa hannu. Yadda nake iya cika wannan shi ne tun farkon wata nake ware kuɗin albashi daban, ba na juya su ko an kawo mini masara a rabin kuɗi. Sau ɗaya na sayar da wake da faɗuwa don kada ranar ta wuce, ban kuma yi da-na-sani ba.

Tun watan Maris na 2023, mafi ƙarancin albashi a wuraren aiki masu zaman kansu sefa 60,000 ne a wata, na aikin gona 45,000. Kafin nan 36,270 ne, tun 2014. Na san kasuwa, na san shaguna da yawa ba sa kai wannan, sai maigida ya ce ai ina ba shi abinci da wurin kwana. A ganina, in cinikinka ba zai ɗauki haƙƙin mutum biyar ba, riƙe uku ka biya su cif. Biyar ɗin da ba su ƙoshi ba dole su nemi ta inda za su cike giɓi, kuma daga buhunka za a cike shi, mudu-mudu.

Ma'aikatanka na dindindin ka yi musu rajista a asusun CNPS, hukumar gwamnati mai kula da fanshon ma'aikata da inshorarsu. Na fansho ana cire kashi 4.2 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, kai ma ka zuba 4.2, sannan akwai kason alawus na iyali da na haɗarin aiki, waɗanda ke wuyan maigida shi kaɗai. Da farko na ɗauke shi wani haraji ne kawai. Amma sito wuri ne da tarin buhu kan rufto, mota kan ja da baya ba a ankara ba, kuma mutumin da ya ba ka ƙuruciyarsa zai tsufa. Hutu ma haƙƙinsa ne, yini guda cur a mako, da kwana ɗaya da rabi a kan kowane watan aiki, wato kwana 18 a shekara.

Kada ka cakuɗa albashi da alheri. Shaddar Sallah, buhun masara da kaka, gudummawar suna ko ta biki, duk ka yi in Allah ya hore maka, amma kada ka lissafa su cikin haƙƙinsa, kada kuma ka yi masa gori da su ranar da ya nemi ƙari. In ya buƙaci wani abu kafin wata ya ƙare, ba shi, amma kar ya wuce sulusin albashi, a rubuta a gabansa. Na ga yaran da bashin maigida ya ɗaure shekara da shekaru, ran biya ba sa komawa gida da komai. Irin wannan ba ya aiki da zuciya ɗaya, tafiya kuma ta gagare shi. 'Yan dako su kuwa a kan buhu ake biyansu, a daidaita da shugabansu kafin a ɗaga buhun farko, a sallame su kafin kiran magariba.

Sai koyarwa. Kuskurena na shekaru shi ne ina faɗin abin da za a yi, ba na faɗin dalili. Wake ne ya nuna mini. Muna adana shi a buhun nan mai riga uku da ake kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Asalin dabarar ma a yankinmu aka gwada ta, masu binciken aikin gona na Marwa tare da jami'ar Purdue ta Amurka. Sirrinta iska ne. In an matse ledojin an ɗaure kowacce daban, ƙwarin da ke ciki sukan shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu ba tare da an zuba magani ba. Ni dai na ce wa yara “ku ɗaure da kyau”, shi ke nan. Wani sabon yaro, mai ƙwazo ne ƙwarai, duk wanda ya ce a nuna masa wake sai ya ɗauko ƙarfen nan mai kogo da ake soka wa buhun masara a ɗebo samfur, ya huda buhun. Bayan wata uku muka buɗe buhu goma sha biyu, gari ne da ƙwari. Na tara su, na hura wata leda a gabansu na ɗaure, na soka mata allura, na kai ta kunnen kowa ya ji iska na fita. Ba wanda ya sake kusantar buhun wake da ƙarfe.

Yanzu sau uku nake bi da kowane aiki: in yi yana kallo, mu yi tare, sannan ya yi ina kallo ban ce komai ba sai ya gama. Na ukun ya fi wuya, don hannunka zai riƙa ƙaiƙayi ka karɓe. Daure. In yana tsintar albasa ya bar mai taushin wuya a cikin ta ajiya, bari ya gama, sannan ka ɗauko ta ka sa masa a hannu, ya latsa da babban yatsa, ya shinshina.

Kuma ka buɗe masa abin da mu 'yan kasuwa muka fi ɓoyewa, wato uwar kuɗi. Wanda bai san nawa aka saya ba, nawa mota ta ci, nawa 'yan dako, nawa albasa ke ragewa in ta sha iska wata biyu, ba zai taɓa iya yanke farashi ba. Ba kowa za ka buɗe wa ba, amma wanda kake shirya wa mabuɗi dole ya sani. Ka koya masa karatun lokaci. In an girbe masakwa, dawar rani, a karkarar Marwa wajen Fabrairu, dawa takan sauko. In kamfanin auduga na Sodecoton ya biya manoma kuɗin auduga, manomi ba ya gaggawar fito da hatsinsa. In naira ta faɗi, masu saye daga Yola da Mubi sukan ja baya. Tsoron da ke hana mu buɗewa shi ne kar yaro ya koya ya tafi ya zama kishiya. Zan dawo kan wannan.

Amana hawa-hawa ake ba da ita. A wurina kowa da tsintsiya da jera buhu yake farawa, a nan nake gane mai share bayan ƙofa da mai share inda ido ke kaiwa kawai. Daga nan sikeli. Daga sikeli sai in ba shi kuɗin buhu biyar, in tura shi kasuwar Pitowa ran Lahadi ya sayo gyaɗa shi kaɗai. Riba ba ta dame ni ba a wannan tafiyar. Ina duba ko ya zazzage buhun ya ga ƙasansa, ko ya dawo da canji daidai, ko in an cuce shi zai faɗa da bakinsa kafin in gano. Wanda ya dawo ya ce, “Baba, buhu ɗaya an sa mini tsakuwa a gindi, ban lura ba,” na fi sa rai da shi a kan wanda kullum labarinsa nasara ne. In ya yi Pitowa sau huɗu ko biyar lafiya, sai kasuwar Ngong da kuɗin buhu talatin.

Kowane hawa ka shata masa iyaka da lamba, kada ka bar shi da “ka yi abin da ya dace”. Babban yarona na yanzu ya san zai iya rage har sefa 500 a buhu ba tare da ya kira ni ba. Zai iya ba tsofaffin abokan ciniki da sunansu ke littafi bashin da bai wuce buhu goma ba. Zai iya biyan mota da 'yan dako ko nawa ne in kaya sun iso, wannan kam albasar nan ce ta sa na rubuta shi. Abin da ya wuce haka, ya kira. Abin da bai kai ba, in ya kira ma sai in ce, “Kai me ka gani?” in yi shiru har ya faɗa.

In ka ba shi iko, kada ka tsinka shi a gaban mutane. Abokan ciniki suna da wata ɗabi'a, yaro ya faɗi farashi sai su tsallake shi su zo wurinka, “Alhaji, yaronka ya cika tsauri.” In ka rage musu ko sisi, ka kashe bakinsa, gobe ba mai sauraronsa. Amsata ɗaya ce: “Abin da ya faɗa shi ne.” In ya yi kuskure, da dare mu gyara mu biyu.

Lissafi kuwa ba a daina shi don an yarda da mutum. Mai karɓar kuɗi daban, mai rubutawa daban, mai ƙirga buhu daban. Littafinmu 'yar maƙwabcina ce ke riƙe da shi, ta gama sakandare. Wasu sun yi surutu da na ɗauke ta, amma tun zuwanta ba mu sake kwana da lissafi a buɗe ba. Kullum bayan La'asar su ukun su haɗa abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Kuɗin da ake turowa ta Orange Money ko MoMo, lambar sito ake ba mutane, ba ta wayar wani ba. Na gaya musu tun farko ba zarginsu nake ba. Ranar da buhu ya ɓata, littafin nan ne zai wanke mai gaskiya. In babu shi kowa abin tuhuma ne, kuma wanda bai da mai tsaya masa shi ake ɗora wa.

Faɗa a keɓe ake yinsa. Na taɓa zagin mai sikelina a gaban 'yan dako da wasu mata masu sayen gyaɗa saboda kilo biyu. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu. Bai ce uffan ba. Ya ci gaba da zuwa a kan lokaci yana yin abin da aka ce, amma daga ranar bai sake cewa “Alhaji, ga shawara” ba, shi da ya saba hango mini matsala tun tana nesa. Magana zarar bunu ce. Sai bayan wata shida na je gidansa a Yelwa da dare na ba shi haƙuri, kuma sai a hankali bakinsa ya dawo. Ja mutum bayan sito, ka tambaye shi yadda aka yi kafin ka yanke. Faɗi abin da ya yi, ranar da ya yi, da abin da ya jawo, ka bar iyayensa da ƙabilarsa. Yabo kuwa a bainar jama'a, ka kuma ambaci abin: jiya wane ya gano buhu uku masu danshi kafin a jera su. Wanda ya zo maka da “wane ya yi kaza” a ɓoye, ce masa, “Tsaya in kira shi ka faɗa a gabansa.” Sau biyu za ka yi, za a daina.

Kada ka ci ma'aikaci tarar kuɗi, doka ta hana. Abin da ta yarda da shi dakatarwa ce da ba ta wuce kwanan aiki takwas ba, a rubuce, a kuma sanar da sufeton ƙwadago. In abu ya kai ga rabuwa, a ba shi takarda da dalili a ciki, a biya shi abin da ya rage nasa, a ba shi shaidar aiki. Wanda ya shekara biyu ko fiye yana da kuɗin sallama in ba babban laifi ya yi ba. Ko sata ce, kama shi da littafi da shaida, ka kira wanda ya kawo shi, a rabu ba tare da an tara masa kasuwa ba.

Ran Alhamis bayan an rufe muna zama kan tabarma da shayi, rabin awa. Ƙaramin cikinmu ke fara magana, ni ne na ƙarshe, don in na riga faɗin ra'ayina ba mai saɓa mini. A irin wannan zaman ne yaron da ke shara ya ce me zai hana a watannin zafi a riƙa sauke kaya daga asuba zuwa ƙarfe goma, a koma bayan La'asar. Haka muke yi har yau, da azumi ma haka. Ran Juma'a Kiristocin cikinmu ke tsare sito mu je masallaci, ran Lahadi su tafi coci mu tsare.

Na ce zan dawo kan tafiyar yaro. Maigidana na Marwa, Allah ya jiƙansa, shekara goma sha biyu na yi masa. Ranar da zai sallame ni ya tara dattawan layinmu, ya ba ni jari, ya ba ni sikelinsa na biyu, ya kuma kira mutum biyu cikin masu sayen kayansa na Garwa ya ce daga yau wurina za su riƙa saye. Tsohuwar al'ada ce ta kasuwancin Hausa tun zamanin fatake, yaro ya yi wa maigida hidima, maigida ya yaye shi da jari. Abin da ke ɓata ta yanzu rashin wa'adi ne, “wata rana zan sallame ka”, har yaro ya yi furfura. Alkawari kaya ne. Ka yanka shekaru a gaban shaidu, kowace kaka ka ware wani abu daga riba da sunansa, ban da albashinsa, ya riƙa ganin adadin a littafi. Saura shekara biyu lokacin ya cika, ka sa shi ya fara horar da wanda zai gaje shi. Ba na sallamar kowa sai ya nuna mini wanda zai karɓi mabuɗin daga hannunsa.

Yaron da na yi wa faɗa a kan albasa yanzu yana da sitonsa a Kusiri, kusa da gadar da ake tsallakawa Njamena. Masarar da nake kaiwa can ta hannunsa take bi, ba na biyan dillali, ba na kwana da fargaba.

Kafin ka ce wani ya isa, gwada shi tun kana da lafiyarka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓi mako mai ciniki, ka tara ma'aikata, ka miƙa masa mabuɗan a gabansu har da na akwati, ka ce, “Bakinsa bakina ne har in dawo.” Sannan ka yi tafiyar gaske. Ni Ngaundare nake zuwa, inda layin dogo ya tsaya, in kwana uku wurin 'yan'uwa. Waya sau ɗaya a yini, bayan Isha'i, kuma shi zai kira. Kada ka riƙa bugo wa mai littafi ta bayan fage kana tambayar me yake yi. Zai ji, sauran ma za su ji.

In ka dawo kar ka fara da akwati. Gaisa da kowa, ka zagaya sito, ka dubi fuskokin yara da 'yan dako, sannan ku zauna da littafi. Bara da na yi wa na yanzu wannan gwajin, na tarar ya sayar da buhu 40 na masara ƙasa da yadda zan sayar da sefa 250 kowanne. Na tambaye shi dalili. Ya ce, “Baba, mutumin da kuɗi a hannu ya zo, ga motar gyaɗa tana hanya ba mu da wurin sauke ta. Kuma na ji ɗumi a cikin tarin, na ji tsoron danshi.” Na tashi na cusa hannu har gwiwa cikin ɗaya daga buhunan da suka rage a wannan tarin, na ji ɗumin da yake faɗa. Na ce gobe da sassafe a fitar da su a shanya. Da ya miƙo mini mabuɗan, na ce ya mayar aljihunsa, in an buɗe kasuwa ya je wurin mai yankan mabuɗi ya yanko mini nawa.